Yadda Ake Tsara Ajin Jardan Don Yara Su Koyi Zama da Juna

Duk lokacin da komawa lakwal ta gabato, tambayoyin nan sai su yi ta shigowa, kuma galibi daga mata. Wata an ɗauke ta aikin jardan, wato makarantar ƙananan yara kafin firamare, alhali ba ta taɓa riƙe aji ba. Wata tana da fili a gidansu a unguwar Zariya ko Ali Ɗan Sofo a nan Maradi, tana son ta tara yaran unguwa. Akwai kuma iyayen da ke kukan cewa ɗansu ya yi wata 3 yana zuwa amma ko harafi ɗaya bai iya rubutawa ba. Abin da ya kawo yaro mai shekara 3 zuwa 5 jardan shi ne ya iya rabuwa da uwarsa hankali kwance, ya jira layinsa, ya roƙi abu da baki maimakon ƙwace, ya saurari magana har ƙarshenta. Wanda ya samu waɗannan, in ya shiga CI, wato ajin farko na firamare, karatu ba ya yi masa wuya. Ga yadda ake bi daki-daki. Da malama muke magana, amma malami namiji ma hanyar ke nan.

1. Wuri tukuna, kafin a karɓi yaro ko ɗaya

Kada a tara yara cikin rumfar kara ko ta zana, ko da na mako guda ne. A watan Nuwamba na 2021 gobara ta tashi a irin waɗannan azuzuwa a nan Maradi, yara fiye da 20 suka rasu, Allah ya jiƙan su. Bayan nan ne gwamnati ta hana zaunar da ƴan jardan a ajin zana a duk faɗin ƙasa. A nemi ɗakin ƙasa ko na siminti mai taga biyu da ke kallon juna, da ƙofar da ke buɗewa waje. Ba a sa wa ƙofar aji kwaɗo ko sakata muddin akwai yaro a ciki.

A lissafa wa kowane yaro murabba'in mita 1 da rabi zuwa 2 na fili. Ɗaki mai tsawon mita 6 da faɗin mita 5 zai ɗauki yara 15 zuwa 20. In aka cusa 40 a ciki, rabin faɗan da za ki yi ta rabawa matsi ne ya kawo shi. Tebur da benci ba dole ba ne, tabarma ta fi su amfani a wannan shekaru.

Sai tsakar gida. Ki durƙusa ki dube shi daga tsayin yaro, za ki ga abin da ba ki gani a tsaye: ƙusa, fasasshiyar kwalba, wayar lantarki da ta sauko, tarin duwatsun da kunama ke ɓuya. A rufe rijiya da murfi mai nauyi, a rufe randa, kada a bar bokiti ko baho da ruwa a buɗe, domin ruwa kaɗan ya isa ya halaka ƙaramin yaro in ya faɗa da ka. Ƙofar da ke fita titi ta kasance da mai tsaron ta lokacin zuwa da tashi, saboda ƴan kabu-kabu da adaidaita.

Gargaɗi: kada a zuba jabel, kananzir, fetur ko maganin sauro a kwalbar lemo. Yaro na ganin kwalbar zai kafa kai.

In jardan na kuɗi za ki buɗe, ki fara zuwa wurin sufeton ilimi mai kula da ƙananan makarantu, ki ji takardun izinin da ake nema, tun kafin ki karɓi ko dala daga hannun iyaye.

2. Rajista da raba yara

Ki nemi takardar haihuwa da katin rigakafi. Ki rubuta lambar waya biyu, da sunan wanda aka yarda ya zo ɗaukar yaro. Sa'an nan ki zauna da uwar ki tambaye ta: da wane suna ake kiransa a gida? Yara da yawa ba sa amsa sunan yanka, sun saba da Abba, Ummi, Baba ƙarami ko wani laƙabi, sai malama ta ɗauka rashin ji ne. Wane harshe ake yi a gida? A Maradi za ki samu ƴaƴan Fulani, da na ma'aikatan da aka kawo daga Yamai ko Dosso suna jin Zabarmanci kawai. Yana faɗa in zai yi fitsari? Akwai abincin da jikinsa ba ya so? Yana da sikila, asma ko farfaɗiya?

A raba su gida 3 bisa shekaru: ƴan 3, ƴan 4, ƴan 5. In ɗaki ɗaya ne, a raba su da tabarmi. Mutum ɗaya ba ya riƙe aji shi kaɗai. Ko yara 12 ne sai da mataimakiya, domin da kin raka ɗaya makewayi sauran sun zama ba kowa a kansu.

3. Kaya da kuɗinsu

Yawancin kayan da suka fi aiki kyauta ake samun su. Ki raba ɗakin kusurwa 4, kowace da kayanta cikin kwali ko kwando a ƙasa, inda hannun yaro zai kai.

Kusurwar gida: ƙananan tukwane, ƙwarya, ludayi, muciya, ɗan turmi, ƴar tsana da zanen goyo, tsohuwar wayar da aka cire wa batir.

Kusurwar kasuwa: gwangwanayen tumatir da na madara da aka daddaƙe bakinsu, ƙaramin faifai, ƴar tiya, da takardu da aka yanka a matsayin kuɗi.

Kusurwar gini: guntayen katako daga wurin kafinta, a goge su da takardar yashi don kada sartse ya shiga hannu, da karan dawa, da ƙwallon goruba da na mangwaro.

Kusurwar zane: alluna, alli, gawayi, bayan takardun da aka gama da su a ofis.

Kowane abin wasa da yara ke rububi a kansa, a samu aƙalla 2 ko 3 irinsa. Mota ɗaya tak a ajin ƴan shekara 3 fitina ce.

Gargaɗi: ki haɗa babban yatsanki da manuni su yi zobe. Duk abin da ya wuce ta cikin zoben nan bai dace da ƴan shekara 3 ba: wake, tsakuwa, murfin kwalba, ƙwallon dabino, ƴaƴan bedi. Baki suke kai su, ko hanci, ko kunne. In abu ya shige hanci ko kunne, kada a sa tsinke ko ashana, ƙara tura shi ake yi. A kai yaro likita.

Abin wanke hannu: jarka mai lita 5, a huda ta kusa da wuya da ƙusa mai zafi, a rataye ta a sanda tsakanin itace biyu daidai ƙirjin yaro, a ɗaura igiya daga bakinta zuwa wata sanda a ƙasa. In yaro ya taka, jarka ta karkata, ruwa ya zubo siriri. A huda sabulu a rataye shi da igiya a gefe. Kada a tara yara su wanke hannu cikin baho ɗaya, wanda ya zo ƙarshe dattin kowa yake wankewa da shi.

Abin da ke cin kuɗi sau ɗaya shi ne tabarmi, randa, buta, po 2 ko 3, almakashi marar tsini, da kofi ɗaya ga kowane yaro mai alamarsa. Abin da ke ci kowane wata kuwa ruwa ne, da sabulu, alli, da haƙƙin mataimakiya, kuma nan ne lissafin mutane ke rushewa, don sun manta da shi tun farko. Misali, in yara 25 ne kuma kowane gida ya kawo dala 20 a mako don ruwa da sabulu, an tara jika 2 da rabi. A rubuta shiga da fita a littafi, a sa iyaye mata 2 su riƙa dubawa.

4. Mako biyun farko: kuka

Kada a karɓi yara duka rana ɗaya. A kawo 6 ko 8 ranar farko, a ƙara wasu bayan kwana 2. Kwanakin farko su tashi ƙarfe 10:00.

Uwa ko yayar da ta rako shi ta shigo ta zauna minti 10, sa'an nan ta yi masa sallama a fili: "Zan je gida in ɗora tukunya, in kun gama tatsuniya ina nan bakin ƙofa." Ta tafi, kada ta dawo leƙe ta taga. Babban kuskuren da ake yi shi ne a ɗauke hankalin yaro uwa ta sulale. Ran nan kukan zai yi sauƙi, amma gobe zai riƙe zanenta gam, domin ya gane ana iya ɓace masa ba labari. Haka ma alkawarin ƙarya, "yanzu zan dawo", alhali sai azahar.

Mai kuka a ɗauke shi ko a zaunar da shi jikinki, ki ce: "Kana son Inna, na sani. Za ta zo." Kada a ce masa babba ba ya kuka. Yawanci cikin mako 2 ya lafa. Ki fi sa ido kan wanda bai yi kuka ba, ya rakuɓe a lungu shiru, ba ya taɓa komai. Shi ake mantawa da shi.

5. Tsarin rana

Abin da ke kwantar wa yaro hankali shi ne ya san abin da ke biye. Ga tsarin da za a iya bi:

7:45 zuwa 8:15, tarba. Ki tsaya bakin ƙofa, ki gaida kowa da sunansa, shi ma ya rusuna ya ce "Ina kwana, Tanti." Ya ajiye takalmi da kansa a wurin alamarsa.
8:15 zuwa 8:30, zaman da'ira bisa tabarma.
8:30 zuwa 9:15, wasan waje, tun rana ba ta yi zafi ba.
9:15 zuwa 9:30, makewayi, wanke hannu, shan ruwa.
9:30 zuwa 10:15, kusurwoyi.
10:15 zuwa 10:45, cin abin da aka zo da shi.
10:45 zuwa 11:15, aikin hannu.
11:15 zuwa 11:35, tatsuniya da kishingiɗa.
11:35 zuwa 12:00, tattara kaya da sallama.

Da hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, a mayar da wasan waje wajen ƙarfe 10:00, in sanyi da ƙura sun sassauta. Daga Maris zuwa Mayu kuwa kwano na ɗaukar zafi tun hantsi, sai a koma inuwar bedi, a riƙa ba su ruwa kowane minti 30 ba sai sun roƙa ba. Yaro in wasa ya yi daɗi ba ya tuna ƙishirwa.

Zaman sauraro kada ya wuce minti 5 zuwa 10 ga ƴan shekara 3, minti 15 ga ƴan 5. In suka fara mutsu-mutsu, lokaci ne ya cika, ba iskanci ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2019 cewa yaro mai shekara 3 zuwa 4 ya samu aƙalla minti 180 na motsa jiki a yini, kuma kada a tsare shi wuri ɗaya fiye da awa guda a jere. Ajin da ake zaunar da yara tun safe har azahar hannu a naɗe ya saɓa wa wannan.

Kafin a canja aiki a yi musu sanarwa: a kaɗa ƙwarya sau 3, ki ce saura kaɗan a tattara. Yaron da aka fizge daga wasa ba zato shi ke birgima.

Gargaɗi wajen ci: a zaune ake ci, ba gudu, ba dariya da abu a baki. Gyaɗa, aya da alewa mai tauri ba na ƴan shekara 3 ba ne. In abu ya maƙale yaro ya kasa tari da magana, ki sunkuyar da shi, ki buga tsakanin kafaɗunsa da tafin hannu sau 5. In bai fito ba, ki zagaye shi ta baya, ki sa dunƙulen hannu sama da cibiya, ki danna ciki da sama sau 5. A yi ta maimaitawa, wani kuma ya nemo abin hawa.

6. Koyar da jira da bi da bi

Nan ne zuciyar aikin. Ɗan shekara 3 kusa da ɗan'uwansa yake wasa, kowa da nasa, kuma hakan daidai ne. Wajen shekara 4 ake fara "ke ce uwa, ni ne mai shago". Sai wajen 5 suke iya riƙe dokar wasa su kuma jure a ci su. Kada a nemi na 5 wurin ɗan 3.

A fara da ludayin magana a zaman da'ira. Wanda ludayi ke hannunsa shi kaɗai ke magana, in ya gama ya miƙa wa na kusa da shi. Tambayar ta zama gajeriya: me ka sha da safe, wa ya rako ka. Da'irar kada ta wuce yara 10, in ba haka ba na ƙarshe ya gaji kafin ludayi ya iso. Wanda bai son magana ya miƙa kawai, wata rana zai yi.

Daga nan sai mirgina ƙwallo. Yara su zauna ƙafa a buɗe, mai ƙwallo ya kira sunan wani kafin ya mirgina masa. Cikin mako guda sun haddace sunan juna, kuma yaron da ya san sunan ɗan'uwansa ya fi saurin kiransa a kan ya ja masa riga.

Sai aikin mutum 2: ɗaukar ƙaramin bokiti tare, naɗe tabarma, ɗaya ya riƙe buta ɗaya ya wanke hannu. Ki riƙa canja abokan, ki haɗa mai surutu da mai shiru, ki haɗa wanda bai jin Hausa sosai da yaro mai haƙuri.

Kowace safiya a raba aiki: mai raba kofuna, mai share allo, mai ba shuka ruwa, mai jan layi. A rataya wa kowa alamar aikinsa a wuya, a riƙa juyawa har kowa ya samu. Kada aikin shara ya zama na ƴan mata kullum, na jan layi na maza. Kada kuma a naɗa yaro ɗaya mai rubuta sunan masu surutu ko mai riƙe bulala, wannan gaba yake shukawa tsakaninsu.

A kusurwoyi a sa iyaka: mutum 4 ko 5 a kowace. A ajiye zare mai launi daidai adadin a bakin kusurwa, wanda ya shiga ya ɗaura a hannu, in zare ya ƙare sai a jira. A kusurwar kasuwa ki shiga a matsayin mai saye: "Salamu alaikum, mai tumatir, nawa nawa ne?" Ki taya, ki biya, ki yi godiya, ki fita. A nan suke ɗaukar sallama, da "don Allah", da "na gode", da miƙa abu da hannun dama, har da ƙirga, ba tare da an ce su maimaita ba.

Wasannin gida ma suna da wurinsu: ɓuya, gaɗa, tuwon ƙasa, langa ga manyan. A guji wasan da ake fitar da wanda ya faɗi ya koma gefe, domin wanda ya fi bukatar koyo shi ke fara fita.

7. In faɗa ya tashi

Zai tashi, kowace rana. Ki je wurin da ƙafarki, kada ki yi tsawa daga nesa. Ki durƙusa daidai tsayinsu, ki karɓi abin da ake rigima a kansa ki riƙe. Ki fara da wanda aka ji wa ciwo. Sa'an nan kowa ya faɗi nasa, ɗaya bayan ɗaya. Daga nan ki ba su maganar da suka rasa: "Ce masa, in ka gama ka ba ni." Shi kuma ɗayan: "Ce masa to." Ki tsaya har ki ga an miƙa, ki kuma faɗi abin da kika gani: "Ka jira, ga shi ya ba ka."

Kuskuren da ya fi yawa a nan daga gida muka taso da shi: "Kai ne babba, bar masa." In kullum haka ake yanke hukunci, ƙaramin ya koyi cewa kuka ke sa a samu, babban kuma ya koyi ɓoye abu. Wanda ya riga ɗauka shi ke da abu har ya gama.

Cizo ya fi yawa ga ƴan shekara 3 da bakinsu bai gama buɗewa ba. A wanke wurin da ruwa da sabulu, in fata ta fashe a kai likita, a kuma gaya wa iyayen duka biyu ran nan. Mai cizon ki ce masa a taƙaice, "Ba a cizo, da zafi," ki zaunar da shi kusa da ke minti 3. Kada a ce wanda aka ciza ya rama. Ki lura da lokacin da yake yi, sau da yawa yunwa ce, ko barci, ko matsi a layi.

Ba duka, ba kamun kunne, ba kulle yaro a ɗaki. Yaron da ake duka yana daina abu ne in kina kallo, in kin juya ya sauke a kan wanda ya fi shi ƙanƙanta. Kada kuma a tsorata su da dodo, ko a ce za a kira likita ya yi musu allura. Ranar rigakafi ke za ki sha wahalarsa.

8. Hannu kafin alƙalami

Yatsun yaro sai sun yi ƙarfi kafin su riƙe alƙalami. A samo yumɓu wurin masu ginin tukwane, a jiƙa shi kwana guda, a ajiye cikin leda. In da hali a yi ƙullun fulawa: kofi 2 na fulawa, kofi 1 na gishiri, kofi 1 na ruwa, cokali 2 na mai. In ya kama hannu a ƙara fulawa, in ya tsattsage a ɗiga ruwa. Gishirinsa da yawa, kada a bari su ci. Su mulmula, su yi maciji, su yi ƙwarya.

Manne kuwa, a jiƙa ƙaro cikin ruwa ya kwana. Launi: zoɓo ya ba da ja, gawayi baƙi, farar ƙasa fari. A zuba rairayi a faranti su ja layi da yatsa. Ɗan 3 da'ira yake iya kwaikwaya, ɗan 4 layi biyu da suka gicciye, ɗan 5 ya kai ga mai kusurwa 3 da wasu haruffan sunansa. Kada ki kama hannunsa ki zana masa don iyaye su gani. Bahago a koya masa ci da karɓa da dama yadda tarbiyya ta tanada, amma a bar shi ya yi zane da hannun da ya fi masa ƙarfi.

Tatsuniya a yi ta da Hausa, gajeriya, a maimaita guda ɗaya mako guda har su riƙa cafe miki magana. Ki tsaya a tsakiya ki tambaya: "Da Gizo ya cinye shi kaɗai, yaya Ƙoƙi ta ji?" Daga baya su kwaikwaya. Faransanci ya shigo kaɗan-kaɗan ta gaisuwa, ƙirga da sunayen abubuwan da suke taɓawa.

9. Lura, da magana da iyaye

Ki ware wa kowane yaro shafi a littafi. Kowace rana ki zaɓi yara 3 ki rubuta abin da idonki ya gani, da kwanan wata: "Ta jira ludayi har ya iso." "Ya yi wasa da wani minti 10 ba rigima." Kada a rubuta "mai taurin kai", wannan ba ya nuna ko an ci gaba.

In iyaye suka tambayi ina rubutu, ki buɗe shafin ki nuna musu, ki gayyace su su zauna safiya ɗaya. Ki roƙe su abu 3: yaro ya kwanta da wuri, domin a wannan shekaru yana bukatar barcin awa 10 zuwa 13 a kwana, ya karya kafin ya fito, kuma kallon waya kada ya wuce awa guda a yini. Laifin yaro ba a faɗar shi bakin ƙofa gaban sauran iyaye, a ja uwar gefe.

Mai zazzaɓi, gudawa, jan ido ko ƙuraje ya zauna gida. In zazzaɓi ya kama shi a aji, musamman farkon shekarar karatu da sauron damina bai ƙare ba, a kira gida nan take a je a yi gwajin maleriya. Akwai kuma alamun da ba a jira a kansu: yaro ya cika shekara 3 bai haɗa kalmomi su zama magana ba, ba ya waiwayowa in an kira shi ta baya, kunnensa na zubar da ruwa, ba ya haɗa ido da kowa, ko ya daina abin da ya riga ya iya. Ki gaya wa iyayen abin da kika gani da ranar da kika gan shi, kada ki sa wa abin suna, ki ce su kai shi likita a fara duba kunnen.